Walkam bak da haɗa NIN: yadda na ga aikin ofishin kamfanin layi da na masu lema

Jama'a assalamu alaikum. Magana ce a kan dawo da layin da ya ɓata, wato walkam bak, da kuma haɗa layi da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, don na ga mutane suna ta tambaya wai ofishin kamfani ya fi ko gara mutum ya tsaya wajen yaran nan masu lema a bakin titi a sallame shi nan take. Ni dai na leƙa duka biyun a nan Kano kwanan nan saboda layin Goggona, kuma tun yanzu in faɗa muku inda na tsaya, ofishin tauraro uku zan ba shi cikin biyar, masu lema kuwa ɗaya, shi ma ɗayan albarkacin saurinsu ne kawai. Ba zan kama sunan kamfanin ba don sharuɗɗan duk daga hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa suke fitowa, ko MTN kake riƙe da shi ko Airtel ko Glo ko T2 (tsohuwar 9mobile) abin da za a tambaye ka kusan ɗaya ne.

Wayar Goggo a cikin adaidaita sahu aka zare ta, ƙaramar waya ce mai madannai ko ɓarawon ya sayar ba wani abin kirki zai samu ba, amma sim ɗin da ke ciki shi ne tashin hankalin, domin a kansa alat ɗin bankinta yake shigowa kuma da shi take taransifa in 'ya'yanta sun turo mata kuɗin cefane. Mutane da yawa ba su san cewa duk wanda ya riƙe sim ɗinka in babu fin, wato lambar sirri ta kulle sim, a kansa, zai danna *565*0# lambar BVN ɗinka ta fito masa, ya danna *346# lambar NIN ta fito, shikenan ya samu rabin abin da yake buƙata tun kafin ka isa gida ka ce wayata ta ɓata. Shi ya sa ni ba na cikin masu cewa wai tambayoyin walkam bak sun yi yawa. A tsananta, wallahi a tsananta, don in da sauƙi ne wani ya je ya ce shi ne kai a ba shi sabon sim da lambarka to da babu asusun da zai kwana da kuɗi a ƙasar nan. Ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da ya dame ni shi ne inda bayanan da aka karɓa a hannunmu suke zuwa bayan mun juya baya, da kuma yadda ake karɓar su tun farko.

Wajen masu lema muka fara tsayawa saboda ya fi kusa da gida kuma Goggo ƙafa ta fara damunta. Teburin roba ne da lema mai launin kamfani, da 'yar sifika tana ta maimaita a zo a yi rajistar layi a haɗa NIN, sai yaro matashi mai fara'a da waya biyu a hannu ɗaya tana maƙale da fawa banki. Na yi masa bayani yace "Yallaɓai ba matsala, kawo silif ɗin NIN na Hajiya in ɗauka a hoto, zan tura wa oga ne ta WhatsApp shi yake da na'urar, zuwa la'asar layi ya dawo". Nace to shi ogan yana ina, yace yana shagonsa a cikin gari. Don ya kwantar min da hankali sai ya buɗe wajen hotunan wayarsa yana nuna min wai ga irin waɗanda ya yi wa aiki, yana ja da babban yatsa, silif bayan silif, fuskar mutum ga sunansa ga lambarsa guda 11 ga adireshin gidansa, har da na matan aure da tsofaffi da wani mai kayan sarki, duk a cikin wayar da gilashinta ya tsage wadda ita ma gobe za a iya zare ta a adaidaita kamar ta Goggo. Shi a zuciyarsa talla yake min, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Na mayar da silif ɗin aljihu nace masa mun gode za mu je ofis.

Kafin mu bar wajen ya ƙara da cewa in dai layi kawai Hajiya take so na kira, akwai wanda aka riga aka yi wa rajista, da ɗan ƙarin kuɗi sai ta saka a waya kawai ba sai ta kawo komai ba. To wannan layin da sunan wa aka yi shi? Dole da NIN ɗin wani bawan Allah, kuma da fuskarsa, kuma kusan tabbas bai sani ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa irin wuraren nan ya ji kalmar nan ta "Mama bai ɗauka ba, sake kallon nan", a ɗauki mutum sau biyu sau uku, wani lokacin gaskiya ne netiwok ne ya yanke, wani lokacin kuma kowane ɗauka sabon layi ne aka ɗaura a wuyanka ka tafi da guda ɗaya sauran suna cikin durowa. Ba zargi ba ne kawai na 'yan unguwa, ita kanta NCC a sanarwar da ta fitar a watan Agustan 2024 tace an gano mutanen da ke da layuka masu yawan da hankali ba zai ɗauka ba, wasu sama da 100,000. Mutum ɗaya fa. Alhali talaka in ya je yin rajistar layi na biyar a kamfani ɗaya za a ce masa ƙa'ida huɗu ce.

Ban ce yaran nan duk macuta ba ne, da yawansu neman halak suke a cikin rana da ƙura, ɗan kamasho ake ba su a kan kowane layi, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce musu hoton silif ɗin mutum amana ce. Laifin na ɗora shi a kan wanda ya ba su lema da riga da na'ura ya sake su a titi.

Ofishin kamfanin kuwa gaskiya akwai tsari, dole in yaba. Ana ba da lamba a ƙofa, akwai kujeru akwai sanyin esi, mai gadin yana ganin Goggo yace "Mama zo ki zauna nan" ya sa wani saurayi ya tashi, kuma ba a sa ta bin dogon sahu ba saboda shekarunta. Yarinyar da ta saurare mu tana jin Hausa sosai kuma tana da haƙuri, ban ji ta ɗaga wa kowa murya ba duk da irin surutun da ake mata. Abin da suka nema shi ne lambar NIN, da kwalin sim ɗin na asali ko takardar rantsuwa daga kotu in babu kwalin, da lambobin da ake yawan kira da layin, da kuɗin katin da aka saka na ƙarshe, sannan a ɗauki hoton mai layin a kuma ɗauki yatsunsa a gwada da abin da ke wajen hukumar NIMC mai ba da lambar NIN. Kwali dai wa yake ajiye kwalin sim na shekara goma sha, don haka sai da muka bi ta kotu. Lambobin da take kira kuma Goggo ba ta haddace ko ɗaya ba, ita dai ta san in ta danna ƙasa sau biyu yayanta ne, sau uku autarta ce, kati kuma jikoki ne suke tura mata ba ta ma san nawa ba, haka na tsaya a gefe ina ta kiran 'yan uwa waye ya saka wa Goggo kati na ƙarshe kuma na nawa. Akwai wahala amma ban ga laifinsu a nan ba, ɓarawo ma ai da ƙarya zai zo, dole a samu abin da mai layi ne kaɗai zai iya amsawa.

Yatsun ne suka so su ba mu matsala, hannun da ya sha wanki da surfe da lalle zanen duk ya shafe, ta ɗora na'urar ta ƙi, ta sake ta ƙi, sai yarinyar tace "Mama goga yatsan a goshinki ki sake ɗorawa a hankali kar ki danna da ƙarfi", aka yi haka kuwa ya ɗauka. Sai kuma suna, a rajistar layin ta da an rubuta shi da wani irin harafi a NIN kuma da wani, irin matsalar nan tamu ta Muhammad da Mohammed da Muhammed, A'isha da Aishatu, ko a sa sunan miji a wannan a sa na uba a wancan. Yarinyar tace za ta gyara na layin ya bi na NIN, tana cikin yi sai sabar NIMC ta sauka, aka ce yau babu tantancewa sai mun sake dawowa. Wannan kam ba laifin ma'aikatan ba ne, amma tsohuwa mai ciwon ƙafa ba ruwanta da sabar waye ta sauka, kuɗin mota ta sani da wunin da ya tafi. Da muka koma aka gama, layi ya dawo kafin magariba, alat ya ci gaba da shigowa. Ta ɓangaren aiki dai sun yi, shi ya sa na ba su ukun.

Biyun da na hana su kuwa ga dalili. Tun a ƙofa ake miƙo maka 'yar takarda ka rubuta sunanka da lambar wayarka da NIN da lambobin mutanen da kake kira, in an gama da kai ma'aikaci ya jefa ta cikin wani kwali a ƙarƙashin tebur, kwalin ya cika har wasu sun zubo ƙasa ana takawa. Na tambayi yarinyar me ake yi da su in an tashi, tace masu shara ne suke kwashewa. Ni da idona na taɓa sayen awara a unguwarmu aka naɗe min a fotokwafin katin shaidar wata mata, hotonta ya jiƙe da mai amma sunanta da lambarta raɗau ana karantawa, to tun daga ranar duk takardar da na ga an jefa a kwali na san inda za ta iya ƙarewa. Na biyu, tebura a jere suke babu wani shamaki, ma'aikaci zai karanto maka lambar NIN ɗinka da ƙarfi yace haka ne, ka ce eh, ya karanto ranar haihuwa da sunan mahaifiya ka ce eh, na bayanka yana ji na gefenka yana ji, allon kwamfutar ma a karkace yake duk wanda ya miƙa wuya zai gani. Wato amsoshin da aka ce su ne shaidar cewa kai ne kai, su ake shelantawa a gaban mutum hamsin. Na uku, wajen ɗaukar hoto a tsakiyar zauren yake, na ga wata baiwar Allah mai niƙabi ta tsaya tana waige-waige kafin ta ɗaga, maza cike da wuri duk ido a kanta, a gari irin Kano a ce babu ɗan labule a kusurwa da ma'aikaciya mace saboda irin wannan, haba. Sannan a ƙarshe aka juyo wa Goggo da wani allo mai rubutun Turanci ƙanana aka ce "Mama danna nan", ta danna, babu wanda ya ce mata ga abin da kika amince da shi, ga wanda zai ga hotonki, ga tsawon lokacin da za a ajiye shi. Ko rasit na cewa an karɓi kaza da kaza a hannunki ba a ba ta ba.

Kuma abin da zai ba ka haushi shi ne mun daɗe muna bayarwa. Tun 2011 aka fara rajistar layi da hoto da yatsu, muka bi sahu muka yi. A 2014 bankuna suka zo da BVN muka sake ba da yatsu goma. A watan Oktoban 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista da ba ta yanke ba, naira 200,000 a kan kowane layi, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330 a 2016, daga nan ne kamfanoni suka tsorata kowa ya shiga turo saƙon a zo a sake rajista. Sai Disambar 2020, lokacin Malam Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN cikin sati biyu ko a rufe, ana tsakiyar korona ana ce wa mutane su ba da tazara amma ga dubban mutane sun yi cincirindo a ƙofar ofisoshin NIMC tun asuba, har sayar da sabon sim aka dakatar sai Afrilun 2021 aka dawo da shi. Aka yi ta ɗaga wa'adi har ranar 4 ga Afrilun 2022 da aka hana layuka sama da miliyan 72 kiran waya. A ƙarshen Yulin 2024 aka sake rufe layukan mutane birjik ana saura 'yan kwanaki a fara zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta, har da waɗanda suka rantse sun haɗa tun tuni, mutane suka fusata suka cika ofisoshi har NCC ta ba da umarnin a buɗe, sannan aka sa 14 ga Satumbar 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe, lokacin hukumar tace an haɗa layuka sama da miliyan 153. Duk wannan zirga-zirgar talaka ya yi ta, mai kayan miya ya bar tirensa, ɗan acaɓa ya ajiye babur, matan ƙauye suka yi kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ba wanda ya ƙi.

To bayan an tara me ya faru? A watan Maris na 2024 'yan jaridar FIJ suka bankaɗo wani shafi mai suna XpressVerify da yake fito maka da bayanan NIN ɗin mutum a kan naira 200. A watan Yuni na shekarar ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafin daban, AnyVerify, har suka ce sun sayi silif ɗin NIN na ministan sadarwa Bosun Tijani da kansa a kan naira 100. NIMC dai ta musanta cewa an fasa rumbunta. Amma ni da Goggo ko ta ƙofa aka fitar ko ta hannun wani ejan da aka ba lasisi duk ɗaya ne a wajenmu, in na minista naira 100 ne to na tsohuwar da ke lungu fa? Daga nan ne za ka gane yadda ɗan damfara yake kiran mutum ya ambaci cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da unguwarsu, yace daga banki ne za a toshe BVN ɗinki Hajiya karanto min lambar da ta shigo yanzu, ita kuma ta ga ai ya san komai nata dole ma'aikaci ne. Kuma babu wata hanya da aka tanadar wa mutum da zai bi ya gano a wane tebur aka kwafi bayanansa, na banki ne ko na kamfanin layi ko na mai POS ko na shagon da ya je fotokwafi.

Hujjar da aka ba mu tun farko tsaro ce, an ce in kowane layi yana da mai shi to mai garkuwa da mutane ba zai iya kira ya nemi kuɗin fansa ba. Mu 'yan Arewa mun fi kowa son hakan ta tabbata wallahi, don mu ne muke binne gawarwakin. Amma har yau kira suke, da layi suke ciniki da iyalan wanda suka ɗauka, wani lokaci ma da wayar shi wanda aka sace ɗin, ko da irin layin can da yaron ya so ya sayar min. A Satumbar 2021 sai da aka kashe sabis gaba ɗaya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, wanda hakan kaɗai ya nuna rajistar ba ta wadatar ba. Shi kansa Pantami a Janairun 2024, lokacin da aka sace wasu 'yan gida ɗaya a Abuja, ya fito ya nuna cewa tsarin yana nan amma hukumomin tsaro ne ba sa amfani da shi yadda ya kamata. Kashin dankali kenan, tsananin duk a kan mai gaskiya ya ƙare, shi ne mai zuwa kotu ya yi rantsuwa shi ne mai goga yatsa a goshi.

Akwai wani abu kuma da ban ji ma'aikaci ko ɗaya ya gaya wa kowa ba a zauren nan, maganar sake sayar da tsohuwar lamba. In ka bar layi ba kira ba data ba kati har ya kai wajen shekara, kamfani yana da damar karɓe lambar ya sayar wa wani, to shi sabon mai lambar alat ɗin bankinka zai iya ci gaba da shigo masa, WhatsApp ɗinka da Facebook duk ta wannan lambar ake dawo da su, masu bin ka bashi shi za su dama. Shi ma wanda ya saya bai tsira ba, a 2019 hukumar tsaro ta farin kaya DSS ta kama wani ɗan kasuwa a Asaba ta tsare shi har mako 10 saboda kawai layin da ya saya da kuɗinsa a da 'yar shugaban ƙasa na lokacin ce take amfani da shi, sai a 2020 kotun tarayya tace a biya shi diyyar naira miliyan 10. Mutanenmu da suke tafiya Saudiyya ko Libiya ko Ghana neman kuɗi su bar sim a cikin akwati, su dawo su tarar lambar tana hannun wani, su ne abin ya fi shafa. In za ka yi doguwar tafiya ka bar wa wani amintacce yana ɗan saka kati yana kira, in kuma ka haƙura da layin ka je banki ka cire shi daga asusunka tukuna.

Doka fa akwai ta. A watan Yunin 2023 shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC, kuma dokar ta ba ka haƙƙin ka tambayi kamfani wane bayani naka yake riƙe da shi, ka sa a gyara in akwai kuskure, ka kai ƙara in an yi wasa da shi, kamfani kuma in bayanan mutane suka fita dole ya sanar da hukumar cikin awa 72, tara tana iya kaiwa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara. A 2024 ma hukumar ta ci wani banki tarar sama da naira miliyan 555. Sannan tun 2022 NIMC ta fito da abin da ake kira vNIN, wata lamba ce ta wucin gadi mai haruffa da lambobi 16 da kake cirowa don kamfani ɗaya tak, bayan awa 72 ta mutu, an yi ta ne musamman don kar ka riƙa miƙa ainihin NIN ɗinka ga kowa. Abu mai kyau, amma a bangon ofishin nan na ga tallar data kala-kala da tallar sabuwar waya, ban ga ko takarda ɗaya da Hausa da ke gaya wa mutane wannan ba, ko ta ajami ko ta boko. Da sun sa rabin ƙoƙarin da suke sawa wajen turo mana saƙon talla da tsakar dare, da kowa ya sani.

Wanda zai je, musamman in tsoho zai kai, shawarata ya tafi ofishin kamfani ko babban shagon da kamfani ya amince da shi, ya yi sammako don sabar ta fi tsayawa da safe a yadda na lura, ya rubuto lambobin da ake yawan kira tun daga gida, ya bi ta kotu tukuna in babu kwali. In an gama ka ce a ba ka 'yar takardar da ka rubuta ka yaga da hannunka, ni na nema kuma yarinyar ta ba ni ba musu. Kar ka bar kowa ya ɗauki silif ɗinka da wayarsa ta kansa, in an ce hoto bai ɗauka ba ka ce a nuna maka allon. Sim yana dawowa ka sa masa fin, ka danna *996# ka duba ko akwai wata lamba da aka ɗaura a kan NIN ɗinka wadda ba ka san da ita ba, in ka gani ka koma ofis a cire. Saƙonnin talla ka tura STOP zuwa 2442, in kuma kamfani ya ƙi sauraron ƙorafinka akwai 622 na NCC kyauta ne.

Sai kuma masu riƙe da layin da ba da sunansu aka yi rajista ba, waɗannan su ne na fi tausayawa. Muna zaune aka sallami wani dattijo ba a yi masa komai ba, layin nasa ne shekara da shekaru duk abokan cinikinsa da shi suka san shi, amma ɗansa ne ya yi rajistar da NIN ɗinsa kuma ɗan yana Legas, aka ce sai mai sunan ya zo da kansa, ya tsaya yana cewa "'yata ni ne fa mai layin" ita kuma tana ba shi haƙuri don babu yadda za ta yi. Mata da yawa a gidajenmu haka suke, miji ne ko ƙani ya yi musu, ranar da aka rabu ko aka yi rasuwa layi ya zama ba nasu ba, da asusun da ke kansa da komai. In haka naki yake ko na mahaifiyarka, ku kama hannun mai sunan tun yana kusa ku je ofis tare a mayar da rajistar kan NIN ɗin mai amfani da layin, ana yi, kuma kowa ya tafi da silif ɗinsa don dukanku biyu za a tantance.